Sardauna, Malamin Midil ɗin Sakkwato

Kafin sarauta da siyasa, Sir Ahmadu Bello malamin makaranta ne. A Rabah aka haife shi, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya fara karatun boko a Sakkwato, sannan ya wuce Kwalejin Katsina a 1926. Da ya kammala a 1931, sai ya dawo koyarwa a Midil ɗin Sakkwato, wadda daga baya ta zama Kwalejin Nagarta.

A Katsina ya ƙware a wasan fayif, wato ƙwallon da ake bugawa a bango da tafin hannu. Naɗa shi hakimin Rabah a 1934 ya raba shi da alli, amma bai raba shi da wasan ba. Ko bayan ya zama Firimiyan Arewa a 1954, yakan tuɓe babbar riga da yamma ya shiga fili, har dai aka sa wa babban kofin wasan sunansa. Mu da muka bar gida, nawa ne 'ya'yanmu suka taɓa ganin bangon fayif?

Sojoji suka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Allah ya jiƙan Gamji.