Claude Bernard, Likitan da Ya Gano Alaƙar Ƙwaƙwalwa da Sukarin Jini

Idan kana fama da ciwon sukari, wataƙila ka taɓa kwana ba ka ci komai ba, ka gwada da safe, ka ga sukarin ya hau. Daga ina ya fito? Claude Bernard ne ya fara gano amsar.

An haife shi a 1813 a ƙauyen Saint-Julien da ke Faransa. Marubucin wasan kwaikwayo ya so zama, amma da ya kai rubutunsa Paris sai aka ba shi shawarar ya karanci likitanci. Ya kuwa ji shawarar.

A 1848 ya nuna cewa hanta da kanta take zuba sukari cikin jini, ko da dabba ba ta ci abu mai zaƙi ba. A 1849 kuma ya soki wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwar zomo, cikin 'yan sa'o'i sukari ya bayyana a fitsarinsa. Ashe ƙwaƙwalwa ma tana aika wa hanta umarni ta hanyar jijiyoyi.

Matarsa ta kasa jure gwaje-gwajen da yake yi a kan dabbobi masu rai, har suka rabu. Ya rasu a Paris a 1878, gwamnatin Faransa ta yi masa jana'izar ban girma.