Abu Zaid Al-Balkhi: malamin da ya haɗa lafiyar jiki da ta zuciya

An haifi Abu Zaid Ahmad bin Sahl Al-Balkhi wajen shekarar 850 miladiyya, a wani ƙauye kusa da birnin Balkh, cikin ƙasar Afganistan ta yau. Mahaifinsa malamin yara ne, irin aikin da nake yi. Yana saurayi ya bi ayarin alhazai a ƙafa zuwa Iraƙi, ya yi shekara takwas yana neman ilimi, har ya zauna gaban babban masanin nan Al-Kindi. Da ya koma gida sai ya kama koyarwa. Mai mulkin Balkh ya yi masa tayin waziranci, ya ƙi, ya karɓi aikin magatakarda.

Masu tarihi sun siffanta shi da cewa siriri ne, idanunsa sun firfito, fuskarsa duk zanen agana, ga shi ba mai yawan magana ba. Da a ajinmu na Alajo yake, wallahi da yara sun laƙaba masa suna tun ranar farko. Amma wannan mutum ya bar littattafai wajen 60, a tafsiri da falsafa da ilimin taswirar ƙasashe.

Wanda ya fi shafar mu shi ne Masalihul Abdan wal Anfus, wato abin da ke gyara jiki da rai. Kashi na farko babi 14 ne a kan jiki: ci da sha, barci, wanka, motsa jiki, iska da muhalli. Kashi na biyu babi 8 ne a kan fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi. Hujjarsa ita ce jiki da rai a ɗaure suke da juna. In ɗaya ya kamu da ciwo, ɗayan ma sai ya ji a jikinsa. Ya kuma lura cewa mutum na iya daɗewa bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya ya kwana biyu damuwa ba ta taɓa shi ba.

Baƙin ciki ya raba shi gida biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rasuwa ko asara, wanda nasiha da gyara tunani ke sauƙaƙawa. Akwai kuma mai saukowa haka kawai ya hana mutum walwala, wanda ya danganta shi da jiki, ya ce sai an haɗa da magani. Ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ko-ta-kwana, ya nemi amintacce mai hankali ya faɗa masa damuwarsa, ya guji kaɗaici da zaman banza.

Ina ganin amfanin wannan kullum. A Nima da Maamobi akwai yarinyar da ke barin kokonta da ƙosai don an ce ta yi ƙiba, akwai mai shan ƙwayar ƙiba don an ce ta bushe, akwai mai shafa man bilicin. Mu iyaye da malamai sai mu yi ta faɗa a kan kwanon abinci, alhali ciwon yana zuciya. Iyaye, a zauna da yarinya a ji ta bakinta tukuna. In abin ya daɗe, tana rama ko ta daina barci, a kai ta asibiti. Addu'a ba ta hana ganin likita, kuma Asibitin Pantang ba na mahaukata kaɗai ba ne.

Al-Balkhi ya rasu a shekarar 934. Littafin ya daɗe a ajiye a ɗakin karatu na Ayasofya da ke Istanbul, har Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara kashi na biyu zuwa Turanci a 2013. Allah ya jiƙansu da rahama.