MADGE SYERS: MATAR DA TA SA ALƘALAI SUKA DUBI SAWUNTA

Ran 9 ga watan Satumba, 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, wata mata mai suna Madge Syers ta rasu a garin Weybridge na ƙasar Ingila, saura kwana bakwai ta cika shekara 36 da haihuwa. Abin da ta shahara da shi wasa ne, watau wasan zamiya a kan ƙanƙara. Amma a cikin wannan wasa ta tayar da wata magana wadda ta shafi kowane wuri da ake auna gwanintar mutane, ko ɗakin jarrabawa ne ko filin gasa: shin aikin za a duba, ko kuwa mai aikin?

Manomin Damari, ko na Faskari da Sabuwa, ya san ƙanƙara wadda kan zubo tare da ruwan sama da damina ta kakkarya shuka. A ƙasashen Turai kuwa sanyin hunturu kan daskarar da tafki sukutum, har mutum ya yi tafiya a kansa. Tun zamanin da mutanen can sukan ɗaura ƙarfe a ƙarƙashin takalmi su riƙa zamewa a kan daskararren ruwa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 an sami injin daskarar da ruwa a cikin gini, sai wasan ya shigo manyan birane, aka kafa masa kulob-kulob da dokoki. A shekarar 1892 aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da ISU, a ƙasar Holan. A 1896 kuma aka yi gasar duniya ta farko a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha.

YADDA AKE ALƘALANCI

Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin siriri ne, amma yana da kwarmi a tsakiya, saboda haka kaifi biyu gare shi, na ciki da na waje. Gwani yakan karkata jikinsa ya hau kaifi ɗaya tak, sai ƙarfen ya ɗauke shi a kan lanƙwasa, ya bar siririn layi a kan ƙanƙara. Wannan layi shi ne sawunsa, kuma a zamanin Madge Syers shi ne babban abin da alƙalai ke dubawa.

Kashi biyu ake yi wa gasa. Na farko shi ne zanen tilas. A nan akan ba ɗan wasa shimfiɗaɗɗiyar ƙanƙara, a umarce shi ya zana da'ira biyu masu kama da lamba 8, yana tsaye bisa ƙafa ɗaya, da tunkuɗa guda ga kowace da'ira. Akwai zane masu juyi a tsakiya, kamar wanda ke barin alama mai kama da lamba 3, inda ɗan wasa zai juya daga tafiya gaba ya koma tafiya da baya ba tare da ya sauke ɗaya ƙafar ba. Kowane zane sai an maimaita shi sau uku a kan kowace ƙafa, kuma ana so sawu na biyu da na uku su hau kan na farko. In ya gama sai alƙalai su tako kan ƙanƙarar su sunkuya suna nazari, kamar yadda mafarauci ke bin sawun dabba a daji. Sukan duba ko da'irar ta kewayu sosai, ko ɓangarorin biyu sun yi daidai da juna, ko ƙafa ta yi rawa a wani wuri. In ɗan wasa ya kasa tsayawa a kan kaifi ɗaya, ƙarfen ya kwanta bisa kaifi biyu, sai layin ya fito biyu, laifin ya bayyana ga kowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kashi na biyu shi ne wasan ganin dama, inda ɗan wasa ke nuna tsalle da juyi da taku iri-iri yadda ya tsara wa kansa. Amma zanen tilas ne ke da rinjayen maki, har zuwa shekarar 1968 kashi 60 cikin 100 ake ba shi.

HAIHUWARTA DA KOYONTA

An haifi Florence Madeline Cave ran 16 ga watan Satumba, 1881, a unguwar Kensington ta birnin Landan. Mahaifinta, Edward Jarvis Cave, mai sana'ar gine-gine ne, yana da 'ya'ya 15. Madge laƙabi ne da aka yanko daga sunanta. Ta tashi da son motsa jiki, ta iya iyo da hawan doki, amma zamiya ta fi shiga ranta. Ta riƙa zuwa kulob ɗin Prince's da ke unguwar Knightsbridge, wanda aka buɗe a 1896, matattarar masu hannu da shuni na birnin.

A lokacin nan salo biyu ke gogayya da juna. Salon Ingila ya ginu ne bisa ƙamewa: jiki a miƙe, hannuwa a manne da jiki, ƙafar da ba ta taka ƙanƙara ba ita ma a kusa da 'yar'uwarta. Mutane kan taru su kewaye wata alama da aka ajiye a tsakiya, sau da yawa lemo, wani yana kiran zane suna bi, kamar sojoji a fareti. Ɗaya salon kuwa, wanda ake kira salon ƙasa da ƙasa, ya samo asali daga wani Ba'amurke mai suna Jackson Haines, wanda ya shigo da rawa da kiɗa cikin wasan, ya kuma sami karɓuwa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A wannan salo ana lanƙwasa gwiwa, ana sakin hannuwa, ana amfani da ɗaya ƙafar wajen daidaita jiki.

Madge da salon Ingila ta fara. A 1899 ta haɗu da Edgar Syers, wanda ya girme ta da shekara 18, kuma a wannan shekara ya zo na uku a gasar duniya. Edgar yana cikin masu ƙoƙarin shigo da sabon salon cikin Ingila. Ya zama malaminta, ya raba ta da ƙamewa, ya koya mata sakin jiki. A watan Yuni na 1900 suka yi aure. Tsohon salon ya ba ta tsabtar sawu, sabon ya ba ta kyan tafiya, ta haɗa biyun.

GASAR 1902

A watan Fabrairu na 1902 aka kawo gasar duniya birnin Landan. Tun da aka fara ta maza kaɗai ke shiga, amma da aka duba dokoki sai aka tarar babu inda aka rubuta an hana mace. Waɗanda suka tsara dokokin ba su taɓa zaton wata mace za ta nema ba. Madge Syers, tana da shekara 20, ta ba da sunanta, aka rasa hujjar da za a mayar da ita.

Mutum huɗu suka kara. Ulrich Salchow na ƙasar Suwidin, wanda daga baya ya cika cin gasar duniya sau 10, shi ya zo na ɗaya. Madge Syers ta zo ta biyu, ta wuce Martin Gordan na Jamus da Horatio Torromé. Ana ba da labari cewa Salchow ya yaba da wasanta har ya miƙa mata lambarsa ta zinariya. Abin da ke rubuce dai shi ne, alƙalai maza sun auna ta da ma'aunin da suka auna maza, suka sa ta gaba da biyu daga cikinsu.

HUKUNCIN 1903

A shekarar 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, ƙungiyar ISU ta zauna babban taronta, maganar mata ta taso. Dalili uku aka kawo na hana su shiga. Na farko, dogon siket na matan zamanin, wanda ke saukowa har idon sawu, yana hana alƙalai ganin ƙafa. Na biyu, mai yiwuwa ne alƙali ya sami kansa yana ba da maki ga yarinyar da yake so. Na uku, da wuya a gwada mace da namiji a ma'auni ɗaya. Aka jefa ƙuri'a, shida suka goyi bayan hani, uku suka ƙi.

In an duba dalilan nan, na uku gasar 1902 ta riga ta amsa shi. Na biyu kuwa rauni ne na alƙali aka ɗora wa 'yar wasa, an bar jaki ana dukan taiki. Na farko ne kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, domin ko da yake sawu yana nan kwance a kan ƙanƙara kowa na gani, alƙali yana bukatar ya ga yadda gwiwa ta lanƙwashe, da inda aka riƙe ɗaya ƙafar, da lokacin da aka sauya kaifi. Madge Syers ba ta tsaya gardama ba. Ta rage tsawon siket ɗinta zuwa tsakiyar ƙwauri, yadda ƙafa za ta fito fili, sauran mata 'yan wasa suka bi ta. Da haka hujjar ta faɗi.

A gida kuma ba ta zauna ba. A 1903 aka fara gasar zakarun Ingila a sabon salo, maza da mata a haɗe, ta cinye. A 1904 ta sake cinyewa, a wannan karo mijinta kuma malaminta Edgar yana cikin waɗanda ta kayar.

ZAKARAR DUNIYA

Da ƙungiyar ta ga maganar ba za ta kwanta ba, a taronta na 1905 sai ta amince a kafa wa mata tasu gasa. An yi ta farko a garin Davos na ƙasar Suwizalan a 1906, Madge Syers ta zo ta ɗaya. A 1907 aka yi ta biyu a Biyana, ta sake zuwa ta ɗaya. Da fari ba a yarda a kira wannan gasa ta duniya ba, sai daga baya aka ba ta wannan matsayi, saboda haka a littattafan tarihin wasan ita ce mace ta farko da ta zama zakarar duniya.

A 1908 aka yi wasannin Olamfik a Landan, kuma a karo na farko aka sa wasan zamiya a ciki, shekara 16 kafin a fara Olamfik na hunturu a Chamonix ta ƙasar Faransa a 1924. A watan Oktoba aka yi gasar, a kulob ɗin Prince's inda ta yi koyo. Mata biyar suka shiga. Alƙalai biyar ne, kuma dukansu ita suka sa a gaba. Elsa Rendschmidt ta Jamus ta zo ta biyu, Dorothy Greenhough-Smith ta Ingila ta zo ta uku. Har wa yau a wannan gasa ita da mijinta suka sami lambar tagulla a wasan mutum biyu. Salchow kuma, abokin karawarta na 1902, ya ci ta maza.

Daga nan ba ta sake shiga gasa ba, domin lafiyarta ta fara raguwa. Ita da Edgar suka juya ga rubutu, suka fitar da littafi a kan wasannin hunturu a 1908, da wani a kan sabon salon zamiya a 1913. Ciwon zuciya ne ya zama ajalinta a 1917, shekara guda kafin matan Ingila su fara samun ikon jefa ƙuri'ar zaɓen majalisa. A 1981 aka shigar da sunanta cikin zauren tunawa da gwanayen wasan na duniya.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Wasan ya sauya ƙwarai bayanta. Zanen tilas yana cin lokaci, 'yan kallo kuma ba su ganin abin da alƙalai ke gani a kan ƙanƙara, balle masu kallon talabijin. Aka yi ta rage masa maki, har a 1990 aka cire shi daga gasar ƙasa da ƙasa. Tsalle ya zama abin da ke jan hankalin jama'a.

Amma tsoron son zuciyar alƙali, wanda aka fake da shi a 1903, ya tabbata ta wata hanya dabam. A Olamfik na 2002 a birnin Salt Lake na Amurka, rigima ta tashi a kan makin wasan mutum biyu, aka zargi wata alƙaliya daga Faransa da karkata, har aka ba 'yan wasan Rasha da na Kanada lambar zinariya gaba ɗaya. Saboda haka a 2004 ƙungiyar ISU ta yi watsi da tsohon tsarin da maki shida ne ƙololuwarsa, ta kawo sabo. A sabon tsari kowane tsalle da juyi da jerin taku yana da ƙimarsa a rubuce, ana iya maimaita hoton bidiyo a tabbatar da kaifin da ɗan wasa ya taka, kuma a manyan gasa akan zubar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta daga cikin na alƙalai tara. An kuma ware maki na musamman, har zuwa 10, domin gwanintar zamiya kanta, watau tsabtar kaifi, da daidaiton jiki, da gudu ba tare da wahala ba, da iya juyi ta kowane ɓangare. Ko da aka rage rukunan wannan maki daga biyar zuwa uku a 2022, gwanintar zamiya tana cikin ukun da aka bari.

Waɗannan kuwa su ne abubuwan da alƙalan 1902 suka sunkuya suna nema a kan ƙanƙarar Landan, suka same su a sawun wata yarinya 'yar shekara 20 wadda ba a tsara gasar dominta ba. Dokar da aka kafa don a hana ta ba ta wuce shekara biyu ba aka nemi mafita, makin da ta ci kuwa yana nan a rubuce har yau.