Annabi Yusha'u ɗan Nunu: shekara 40 a Tihu ba da laifinsa ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ƴan'uwa Musulmi, kowane yaron makarantar allo ya san sunan Annabi Musa, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san wanda ya riƙe masa guzuri. Shi ne Yusha'u ɗan Nunu, daga zuriyar Annabi Yusufu. Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba. Hadisin Buhari ne ya bayyana mana cewa shi ne saurayin nan na Suratul Kahfi da ya raka Musa neman Halliru, ya manta da labarin kifi, kuma da ya tuna ya faɗa, bai ɓoye ba.

Bayan Allah ya halaka Fir'auna, Musa ya umarci Bani Isra'ila su shiga ƙasa mai tsarki. An zaɓi wakilai 12 domin su leƙo ta, suka dawo da labarin mutane masu ƙarfin gaske, sai tsoro ya kama jama'a. Mutum biyu kaɗai suka tsaya, malaman tafsiri suka ce Yusha'u ne da Kalibu. Sun shawarci mutanensu su afka ta ƙofar birni su dogara ga Allah. Jama'a suka ƙi, har suka ce wa Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin, su kam suna zaune. Wannan amsa ce Miƙdadu ya tabbatar wa Manzon Allah ba zai ji irinta daga sahabbansa ba, gab da yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan Hijira.

Sai Allah ya haramta musu ƙasar shekara 40, suna ɗimuwa a hamadar Sina'i, wurin da ake kira Tihu. A nan muke so mu dakata. Yusha'u bai yi laifi ba, ya faɗi gaskiya a ranar da faɗinta ke da wuya, amma bai ware kansa ba. Ya ci Mannu da Salwa tare da su, ya sha daga idanun ruwa 12 da suka ɓuɓɓugo daga dutse, ya zauna ƙarƙashin inuwar girgije guda da waɗanda suka jawo masa wannan jinkiri. Yana ji suna raina abincin sama, suna roƙon ganyaye da adas da albasa. Mu kuwa, da an ƙi shawararmu sau ɗaya a kan sha'anin masallaci, sai mu kwashe tabarminmu mu buɗe wani a unguwa guda. Shi ƙuruciyarsa duka ta ƙare a cikin rairayi, yana hidima ga malaminsa.

Haruna ya rasu a Tihu, sannan Musa, bayan ya roƙi Allah ya kusantar da shi ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse. An ruwaito cewa manyan da suka ƙi umarni duk sun mutu a can, ƴaƴansu da suka tashi cikin wahala su ne rundunar Yusha'u, wanda Allah ya ba annabta.

Da ya tashi yaƙi, ya hana mutum uku binsa: wanda ya ɗaura aure bai tare ba, wanda ya yi gini bai rufe ba, da wanda ya sayi dabbobi yana jiran su haihu. Ba ya son mai rabin zuciya, domin ya ga abin da irinsu suka jawo. Yana gab da nasara rana ta yi kusan faɗuwa, ya roƙi Allah, aka tsayar masa da ita. Hadisin Imamu Ahmad ya nuna ba a taɓa yi wa wani ɗan Adam haka ba sai shi, a tafiyarsa zuwa Baitil Maƙdis.

Ko bayan nasarar, jarrabawarsa ba ta ƙare ba. An umarci jama'a su shiga ƙofa da sujada suna neman gafara, sai azzalumai daga cikinsu suka shiga suna jan gindi, suka musanya kalmar da aka ce su faɗa, azaba ta sauko musu daga sama. Yusha'u ya ci gaba da yi musu hukunci da Attaura har Allah ya karɓi ransa.