Octave Chanute: Ma'aikacin Reluwe Da Ya Share Fagen Jirgin Sama

Gabatarwa

A darasin ginin kalma ne na fara lura da yadda Bahaushe ya ɗauki kalma guda, wato jirgi, ya raba ta ga abubuwa uku: jirgin ruwa da jirgin ƙasa da jirgin sama. Na yi ta tambayar kaina ko akwai wata dangantaka tsakanin na ƙasa da na sama bayan suna. Cikin 'yan karance-karancena sai na ci karo da tarihin wani dattijo da ya haɗa su a rayuwarsa, shi ne na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai.

Haihuwarsa Da Aikin Reluwe

An haifi Octave Chanute a birnin Faris na ƙasar Faransa ranar 18 ga Fabrairu, 1832. Yana ɗan shekara 6 mahaifinsa, wanda malamin makaranta ne, ya yi ƙaura da shi zuwa Amurka. Bai yi karatun jami'a ba. Yana ɗan shekara 17 ya shiga aikin layin dogo na Kogin Hudson a matsayin yaron 'yan safiyo, mai jan sarƙar awo cikin daji. Daga wannan ƙaramin matsayi ya riƙa koyon lissafi da zane a bakin aiki, yana bin ƙauyuka da gonaki duk inda dogo ya nufa, har ya zama babban injiniya.

Shi ne ya tsara babbar karar dabbobi ta Shikago a 1865. Shi ne kuma ya gina gadar Hannibal a birnin Kansas a 1869, gada ta farko da ta ƙetare Kogin Missouri, kogi mai ƙarfin ruwa da yawan sauya hanya. Daga 1873 zuwa 1883 ya riƙe muƙamin babban injiniyan reluwe na Erie. Ya kuma duƙufa kan yadda za a jiƙa katakon da ake shimfiɗa ƙarfen dogo a kai da magani don kada ya ruɓe da wuri. Har yau akwai wani gari a jihar Kansas da ke amsa sunansa.

Komawarsa Ga Sha'anin Tashi Sama

A wancan zamani, mai maganar ɗan'adam zai tashi sama kallon taɓaɓɓe ake yi masa. Saboda haka sai da Chanute ya manyanta, sunansa ya kafu, sannan ya fito fili da abin da ke ransa. Ya bi diddigin duk wanda ya taɓa gwada tashi, ya rubuta wasiƙu zuwa ƙasashe daban-daban, ya tattara nasarori da kurakuran kowa. A 1894 ya fitar da su cikin littafi mai suna Progress in Flying Machines, wanda ya zama madogara ga masu wannan bincike.

A 1896, yana da shekara 64, ya kafa sansani a tuddan rairayi na bakin Tafkin Michigan don gwada jirage marasa inji, waɗanda iska kaɗai ke ɗauka. Tsufa ya hana shi hawa da kansa, sai matasan mataimakansa, Augustus Herring da William Avery, suka riƙa hawa yana aunawa yana rubutawa. A wannan shekarar ce Bajamushen nan Otto Lilienthal ya faɗo daga irin wannan jirgi ya mutu, don haka kowane gwaji sayar da rai ne.

A nan ne na sami amsar tambayata. Matsalar jiragen farko ita ce fiffike: in an yi shi da ƙarfi ya yi nauyi, in an yi shi sakayau ya karye. Chanute ya ɗora fiffike ɗaya bisa ɗaya, ya tokare su da sanduna a tsaye, ya ɗaure su da wayoyi a gicciye, daidai yadda yake ɗaure gadojin jirgin ƙasa. Sai aka sami ƙarfi ba tare da nauyi ba. Ashe gadar reluwe ce ta koya wa jirgin sama tsayuwa.

Shi Da 'Yan Gidan Wright

A watan Mayun 1900 wani mai shagon kekuna a garin Dayton, Wilbur Wright, ya rubuto masa wasiƙa yana neman shawara. Chanute bai raina shi ba. Suka yi musayar ɗaruruwan wasiƙu cikin shekara 10, ya kuma ziyarci sansanin Wilbur da ƙanensa Orville kusa da Kitty Hawk a 1901 da 1902 da 1903. Jirgin da suka tashi da shi ranar 17 ga Disamba, 1903, tsawon daƙiƙa 12 a tashin farko, mai fiffike biyu ne ɗaure irin na gada.

Sai dai zo mu zauna, zo mu saɓa. Chanute na ganin ilimi na kowa ne, har ya yi lacca a Faris a 1903 kan gwaje-gwajen da ake yi a Amurka. Su kuwa 'yan gidan Wright sun yi rajistar ƙirƙirarsu, suka shiga kai masu kwaikwayonsu kotu. A farkon 1910 ya soke su a fili, zumunci ya yi tsami. Sun fara gyara tsakaninsu ke nan sai ya mutu a Shikago ranar 23 ga Nuwamba, 1910, yana da shekara 78. Wilbur na cikin waɗanda suka yaba masa bayan mutuwarsa.

Kammalawa

Ni dai ban ga laifin 'yan gidan Wright ba don sun nemi cin guminsu, amma zuciyata ta fi karkata ga tsohon. Da ya ɓoye abin da ya tara, da masu kekunan nan sun fara daga tushe. Mu da muke nazarin harshe mun san yawan littattafan da aka kulle a akwati har gara ta cinye, da kundayen bincike da mai su ke hana ɗan ajinsu gani. Duk ranar da na ji rowar abin da na sani ta taso mini, nakan tuna da dattijon da ke tsaye kan rairayi da littafin rubutu a hannu, yana kallon yara suna tashi.