Ajayi da Uwatasa

Ya mai karatu, kogin Kwara da ke wucewa ta Yauri da Ngaski, shi ne ke gangarawa har Jebba. A can ne jirgin da ke ɗauke da Sama'ila Ajayi Crowther ya fashe a kan dutse a shekara ta 1857, ya kuwa tsira da ransa. Mutane da yawa sun san labarin tafiye-tafiyensa a kogin nan, amma ka ji na uwatasa.

An haifi Ajayi a Osogun, cikin ƙasar Yarabawa. A shekara ta 1821, yana yaro, mahara suka fāɗa wa garin, suka kama shi da uwatasa Afala da ƙannensa mata. Aka raba su. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har aka taɓa musayarsa da doki. Daga baya aka sa shi cikin jirgin masu fataucin bayi, sai jiragen Ingila suka tare shi a 1822, aka kai yaron Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825, aka kuma naɗa shi limamin ikkilisiya a 1843.

A 1846 ya isa Abeokuta domin wa'azi. Bai daɗe ba aka kawo masa wata tsohuwa. Ashe Afala ce. Shekara 25 ke nan ba ta sa shi a ido ba. Ta rasa yaro, ga shi ta tarar da magidanci mai baƙon suna da baƙuwar tufa da baƙon addini. Duk wannan bai sa ta ja da baya ba. Ta riƙe hannunsa tana rawar jiki, suka yi ta duban juna da hawaye. Gama ƙaunar uwa ba ta ciniki.

Ka lura da abin da ɗan ya yi. A lokacin nan Afala ba mai bi ba ce, duk da haka bai ji kunyarta ba, bai kuwa jira ta tuba kafin ya girmama ta ba. Ya ɗauki nauyinta, ya koya mata da haƙuri. Sai a 1848 aka yi mata baftisma da suna Hannatu, wato sunan uwar annabi Sama'ila. Sa'ad da aka naɗa shi bishop a Ingila a 1864 tana da rai, ta ga darajar ɗanta, ta kuwa cika da tsufa a ƙarƙashin kulawarsa. Shi kuma ya rasu a Ikko a 1891.

To, ɗan'uwa, wataƙila taka uwar tana nan a ƙauye bakin ruwa, ba ta bin hanyar da ka shiga. Ita ta goya ka, ta yi maka daka, ta kwana ba barci sa'ad da zazzaɓi ya kama ka, ba ta kuwa nemi lada ba. Dokar girmama iyaye ba ta ware uwar da ba ta tuba ba. Kada karatu ya sa ka raina ta. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka kai mata daga cikin dawarka da kifinka, ka gyara mata ɗaki kafin damina. Ajayi ya jira shekara 25 kafin ya sami zarafin gode wa uwatasa. Kai kuwa taka tana kusa, ka tafi tun tana ji.