Albiruni, malamin da ya koyi harshen Indiyawa

An haifi Abu Raihan Albiruni cikin shekara ta 973, a ƙasar Hawarizimi. Yau wurin shina cikin Uzbekistan, can tsakiyar Asiya. Albiruni Musulmi ne. Tun shina yaro yake son lissafi da ilimin taurari. Bai kai shekara 30 ba ya rubuta littafi bisa yadda al'ummomi suke ƙidayar watanni da shekaru. A ciki ya kawo ƙidayar Yahudawa, da ta Kirista, da ta mutanen Farisa, da ranakun bukukuwansu.

Cikin shekara ta 1017, wani sarki mai ƙarfi, Mahamudu, ya ci ƙasarsu da yaƙi. Ya kwashe malamai ya kai su birninshi Gazna, cikin Afganistan ta yau. Albiruni na cikinsu.

Sarkin nan ya sha kai hari Indiya. Shina rushe ɗakunan bautar mutane, shina kwaso zinariya da bayi. Ta wannan hanya ce Albiruni ya shiga arewacin Indiya, ya sadu da masu addinin Hindu. Sojoji ganima suke nema. Shi kuwa tambaya ce ta dame shi: mi mutanen nan suka yi imani da shi?

Aikin bai zo mishi da sauƙi ba. Mutane suna tsoron duk wanda ya fito daga wajen Mahamudu. Manyan malamansu sun gudu zuwa Kashmir da Banaras, inda yaƙi bai kai ba. Kuma bisa al'adarsu ba su cin abinci tare da baƙo. Albiruni bai ɓoye gaskiya ba. Ya rubuta cewa hare-haren sarki sun ƙara ƙiyayya tsakaninsu da Musulmi.

Ya lura abin da aka rubuta da Larabci bisa addinin Hindu, yawanci ji-ta-ji-ta ce. Wani ya kwafa daga wani, ba wanda ya bincika. To, gani ya kori ji. Shekarunshi sun wuce 40, amma ya duƙa ya koyi Sanskirit, harshen da aka rubuta littattafansu da shi. Harshe ne mai wuya ƙwarai. Ya kashe kuɗi wajen neman littattafai. Shi da yake babban malami, ya zamna gaban malamansu kamar almajiri. Daga baya har ya juya littafin wani malaminsu, Patanjali, zuwa Larabci.

Wajen shekara ta 1030 ya ƙare babban littafinshi bisa Indiya, mai babi 80. Tun farko ya bayyana cewa ba littafin gardama ba ne. Nufinshi ya kawo maganar mutanen yadda su da kansu suke faɗinta.

Mi ya gano? Ya gano masu ilimi cikinsu sun yarda da Ubangiji guda, wanda ba shi da farko, ba shi da ƙarshe. Gumakan da ake gani kuwa, ya ce yawanci na waɗanda ba su yi karatu ba ne. Ya bayyana imaninsu cewa in mutum ya mutu, ranshi shina komawa cikin wani jiki. Albiruni bai yi imani da haka ba, amma ya bayyana shi dalla-dalla, ba ƙari, ba ragi. Inda ya ga gwanintarsu, kamar wajen lissafi, ya yaba musu. Inda ya ga kuskure cikin iliminsu na taurari, ya faɗa. Duk wannan bai sa ya bar addininshi ba.

Albiruni ya rasu a Gazna wajen shekara ta 1050. Daular Mahamudu ta daɗe da faɗuwa. Amma har yau masana tarihi, har da na Indiya, suna karanta littafin nan don su san yadda kakannin Indiyawa suka rayu.

Jama'a, mu da muke koyon karatu da girma, mu tuna da wanga malami. Bai ce ya tsufa da koyo ba. Kuma kafin mu yanke hukunci bisa addinin maƙwabci, mu tambaye shi, mu saurara har ya ƙare. Matambayi ba ya ɓata.